Yadda Yanayi Yake Gargaɗin Mai Garka

1. Bengu da garakenta

Garin Bengu yana cikin gundumar Gaya, a jahar Doso. Najeriya tana gabas da shi. Ƙasar Benin kuwa tana ƙetaren kogin Kwara, daura da Gaya. Yankin Gaya ya fi kowane yanki na Nijar samun ruwan sama. A shekara ana samun wajen milimita 800, alhali Agadas ba ta samun ko 200.

Bengu tana cikin kwarin dallol. Dallol tsohon kogi ne wanda ya ƙafe tun zamanin da. A cikinsa ruwa ba shi da nisa a ƙarƙashin ƙasa. Saboda haka mutanen Bengu ba su zama in damana ta wuce. Suna noman rake da rogo da shinkafa da dankali. Suna kuma yin garake, inda suke shuka albasa da barkono da tumatir. Waɗansu garake suna fadama, waɗansu kuwa ƴan fangali biyu ne ko uku a bayan gida.

Tumatir ɗin garka yana da amfani biyu. Da shi ake miya, kuma in ya yi yawa a kai kasuwa a sami kuɗin sabulu da na littafi. Da damana tumatir yakan yi wuya, ya yi tsada. Ɗaya daga cikin dalilan haka shi ne cutar ganye. Mutum zai shuka, ya yi ban ruwa, ya cire ciyawa. Sai wata safiya ya tarar ganye ya yi ɗigo-ɗigo baƙi. Bayan ƴan kwanaki shukar ta bushe kamar an sa mata wuta.

Mutane da yawa suna cewa cutar nan ba ta sallama. Amma masana sun gano cewa tana da ɗan aike, wanda yake riga ta isowa. Ɗan aiken nan shi ne yanayi. Wanda ya iya karanta yanayi zai san ranar da ya kamata ya tashi tsaye, tun ganyensa yana kore.

2. Dangin tumatir

Tsire-tsire ma suna da dangi kamar mutane. Tumatir da dankalin Turawa da gauta da barkono da taba duk gida ɗaya suka fito. Asalin tumatir da dankalin Turawa daga Amurka ta Kudu ne, wajen duwatsun Andes. Da yake dangi ne, cutar da ta kama ɗaya takan iya kama ɗan'uwansa.

A nan akwai abin lura. Dankalin da aka fi nomawa a Bengu, wanda ake kira kudaku, ba dangin dankalin Turawa ba ne. Suna kaɗai suka tara. Kudaku ɗan'uwan duman kada ne, mai yaɗo a bakin tafki. Mugunyar cutar da ke halaka dankalin Turawa ba ta kama shi. A Nijar an fi noman dankalin Turawa a Bonkuku, ta wajen Filinge, da kuma cikin duwatsun Abzin, kamar su Tabelot. A Najeriya kuwa an fi noma shi a tsaunukan Jos.

3. Cututtuka biyu masu ƙona ganye

Akwai cututtuka biyu da ke sa ganyen tumatir da na dankalin Turawa ya yi kamar ya ƙone. Ana iya kiran su duka ƙunar ganye, amma halinsu ya bambanta.

Ta farko ita ce ƙunar sanyi. Da Faransanci ana ce mata mildiou. Ƙwayar da ke kawo ta, masana suna kiran ta Phytophthora infestans. Tana kama da fumfunar da ke fitowa a kan tuwon da ya kwana biyu. Cutar tana farawa da babban tabo mai duhu, kamar an zuba wa ganye tafasasshen ruwa. Da sassafe, in an juya bayan ganyen, a kan ga farin gashi-gashi a gefen tabon. Tana kama kara, tana kama ƴaƴa, tana shiga har cikin dankalin da ke ƙasa ta ruɓar da shi. Tana son sanyi-sanyi da laima, watau wajen digiri 15 zuwa 20. In zafi ya wuce digiri 30, sai ta tsaya. In ta sami yanayin da take so, tana iya cinye gona a mako ɗaya ko biyu.

Ta biyu ita ce ƙunar zobe. Da Faransanci ana ce mata alternariose, ƙwayarta kuwa Alternaria solani. Tana farawa daga tsofaffin ganyaye na ƙasa. Tabonta ƙarami ne, ruwan ƙasa, da zobe cikin zobe kamar ɗinkin faifai. Gefen tabon yakan yi rawaya. Daga nan cutar ta riƙa hawa sama, ganye yana zuba. In ganye ya zube, rana ta ƙone ƴaƴan. Wannan cuta ba ta gudun ɗumi. Ta fi jin daɗi wajen digiri 24 zuwa 29. Ta fi ƙarfi a kan shukar da ba ta sami taki sosai ba, ko wadda ƴaƴa suka yi wa nauyi.

Abu ɗaya ya haɗa su: dukansu biyu ba su iya shiga busasshen ganye. Sai ganye ya jiƙe, ya daɗe a jiƙe.

4. Duwatsun murhu uku

Tukunya ba ta zama a kan dutse biyu, sai uku. Haka cutar shuka take. Dutse na farko shi ne shukar da cutar ke iya kamawa. Na biyu shi ne ƙwayar cutar. Na uku shi ne yanayin da ya dace da ita. In an janye ɗaya daga cikinsu, cuta ba ta zama.

Ƙwayar cutar ƙanƙanuwa ce ƙwarai, ido ba ya ganin ta sai da madubi mai ƙara girman abu. Iska tana ɗaukar ta daga garka zuwa garka. Ruwan sama in ya bugi ƙasa yana fantsama ta a kan ganyen ƙasa. Ƙwayar ƙunar zobe tana iya zama cikin busasshen kara da ganye na bara, tana jira. Ƙwayar ƙunar sanyi kuwa takan ɓuya cikin dankalin da za a yi iri da shi.

In ƙwaya ta faɗa a kan busasshen ganye, ba ta yin kome. In ta tarar da ɗigon ruwa, sai ta tsira kamar yadda gero ke tsira bayan ruwan shuka. Ta fitar da ɗan zare, ta huda fatar ganye, ta shige ciki. Ƙwayar ƙunar sanyi har takan fashe ta saki ƴan ƙananan ƙwayoyi masu iyo a cikin ɗigon. Wannan aiki yana ɗaukar awoyi. In rana ta busar da ganye kafin ta gama, ta yi hasara.

Bayan ta shiga, ba a ganin kome nan da nan. Sai bayan kwana 3 zuwa 5 tabo yake bayyana. Ke nan, ran da mai garka ya ga tabo, ɓarawo ya riga ya kwana a ɗaki. Shi ya sa jiran tabo ba dabara ba ce. Mai garka ba ya ganin ƙwaya, amma yana ganin yanayi. Yanayi kuwa ana iya auna shi.

5. Laima da raɓa

Iska tana ɗauke da ruwa wanda ba a gani. Shi ake kira laima. Iska mai ɗumi ta fi mai sanyi ɗaukar ruwa. A misalta akwati mai tsawon mita ɗaya, faɗi mita ɗaya, tsayi mita ɗaya, cike da iska. In zafinta digiri 30 ne, tana iya riƙe ruwa wajen giram 30. In digiri 20 ne, wajen giram 17. In digiri 10 ne, wajen giram 9 kaɗai.

Da rana iska tana da ɗumi, tana shan ruwa daga tafki da fadama da jikin ganyaye. Da dare sai ta huce. Ba ta iya riƙe dukan abin da ta sha. Sai ta sauke saura a kan ciyawa da ganye. Wannan shi ne raɓa. Haka kuma kwalbar ruwan sanyi take yin gumi in an ajiye ta a ɗaki.

Ana faɗin laima da kashi cikin 100. In an ce laima ta kai kashi 90 cikin 100, iska ta kusa ƙoshi. A irin wannan lokaci tufafin da aka shanya ba su bushewa da wuri, ganye ma haka. In an ce kashi 20 cikin 100, iska tana jin ƙishirwa. Wannan ita ce iskar ɗari, mai fasa leɓe da dunduniya.

6. Yunwar ƙasar Ailan

Ailan tsibiri ce a yammacin Ingila. Ƙasa ce mai sanyi da yawan yayyafi. A shekarar 1841 mutanenta sun ɗara miliyan 8. Talakawan ƙasar sun dogara ga dankalin Turawa kamar yadda mutanen Nijar suka dogara ga hatsi. Galibinsu kuma iri ɗaya suke shukawa.

A watan Satumba na 1845 ƙunar sanyi ta bayyana a ƙasar. A 1846 ta lalata kusan dukan amfanin. Dankali ya ruɓe a gona, ya ruɓe a ma'aji. Ailan tana ƙarƙashin mulkin Ingila a lokacin, taimakon da hukuma ta kai kuwa bai isa ba. Daga 1845 zuwa 1852 mutane wajen miliyan ɗaya suka mutu saboda yunwa da cututtuka. Wajen miliyan ɗaya kuma suka bar ƙasar, da yawa suka tafi Amurka.

A lokacin ba a san abin da ke kawo cutar ba. Waɗansu suka ce ruwa ne ya yi wa dankali yawa. Waɗansu suka ce mugunyar iska ce. A 1861 wani masani Bajamushe mai suna Anton de Bary ya yi gwaji. Ya ɗebi ƙwayar ya sa a kan lafiyayyen ganye, cuta ta fito. Ganyen da bai sa wa ba ya zauna lafiya, ko da yake laimarsu ɗaya. Nan aka tabbata cewa ƙwaya ce ke kawo cutar, laima kuwa ƙofa take buɗe mata. A 1876 ya raɗa mata sunan Phytophthora, watau mai halaka shuka.

Magani ya zo daga Faransa. A 1882 wani malamin jami'ar Bordo mai suna Millardet ya lura da gonakin inabi na bakin hanya. Masu gonakin suna yayyafa wa inabin shuɗin gishirin jan ƙarfe da farar ƙasa, don masu wucewa su ji tsoron tsinka. Ya ga inabin da aka yayyafa wa bai zubar da ganye ba, alhali na tsakiyar gona cuta ta cinye shi. A 1885 ya bayyana yadda ake haɗa maganin. Har yau ana kiran sa haɗin Bordo.

Amma irin wannan magani garkuwa ne. Yana zama a bayan ganye ya kashe ƙwayar da ta sauka. Ba ya bin wadda ta riga ta shige ciki. Kuma ruwan sama yana wanke shi. Sai tambaya ta taso: yaushe ya kamata a fesa? In an yi sammako da yawa, an zubar da kuɗi. In an makara, an rasa gona.

7. Ƙa'idojin gargaɗi

Masana suka shiga duba littattafan yanayi na shekaru da yawa. Suka riƙa gwada ranakun da cuta ta ɓulla da irin yanayin da aka yi kafin nan. Suka ga abu ɗaya yana maimaituwa. Daga nan suka tsara ƙa'idoji.

A 1926 wani masanin yanayi na ƙasar Holan mai suna van Everdingen ya fitar da ƙa'idar farko da ta yi suna. A 1947 Beaumont ya fitar da tasa a Ingila. Ya ce akwai haɗari in an yi awa 48 zafi bai sauka ƙasa da digiri 10 ba, laima kuma ba ta sauka ƙasa da kashi 75 ba. A 1956 Smith ya gyara ta. Ya ce a nemi kwana 2 a jere, zafi bai sauka ƙasa da digiri 10 ba, kuma kowace rana an yi awa 11 laima tana kashi 90 ko fiye.

Ƙwayar cuta kuwa tana sauya hali. Da shekaru suka tura, sai aka ga cutar tana fitowa ko da awoyin Smith ba su cika ba. Masana na cibiyar James Hutton a ƙasar Sukotland suka sake bincike. Daga 2017 aka koma ga sabuwar ƙa'ida, wadda ake kira ƙa'idar Hutton. Kwana 2 ɗin suna nan, digiri 10 yana nan, amma awa 11 ta koma awa 6.

Ga yadda gargaɗin yake tafiya. Tashoshin yanayi suna auna zafi da laima kowace awa. Kwamfuta tana ƙirga awoyin, tana kuma duba hasashen kwanaki masu zuwa. In sharuɗɗa sun cika a wani yanki, sai a sanar da mutanen yankin ta salula ko ta intanet. Manyan manoma suna samun saƙon, masu ƴan fangali a bayan gida ma suna samu. A Ailan hukumar yanayi ta ƙasa ita ce take ba da sanarwar, kamar yadda take faɗin zuwan ruwa ko guguwa.

Gargaɗin ba ya cewa cuta ta shiga garkar wane. Abin da yake cewa shi ne ƙofa ta buɗe. Aikin mai garka ne ya je ya duba.

8. Riga ba ta zama a wuyan kowa

An ɗinka ƙa'idar Hutton daidai da ƙasa mai sanyi. Can, abin da yake hana cutar sau da yawa shi ne sanyi mai tsanani. A Bengu ba haka ba ne. Da wuya dare ya yi sanyi har ƙasa da digiri 10. Ke nan sharaɗin farko kusan kullum a cike yake. Amma da rana zafi yakan wuce digiri 30 a yawancin watanni, ƙunar sanyi kuwa ba ta jure wannan.

Da ɗari, daga Disamba zuwa Fabrairu, dare yana da sanyin da cutar take so. Amma iska a bushe take, laima takan sauka ƙasa da kashi 30 da rana. Da damana akwai laima, amma akwai ɗumi. Da wuya sanyi da laima su haɗu a lokaci ɗaya. Wannan yana cikin dalilan da suka sa tumatir da dankalin Turawa suka fi kyau da ɗari a Nijar.

A tsaunukan Jos abin ya bambanta. Wurin yana da tudu, wajen mita 1200 bisa teku. Damanarsu tana da sanyi da hazo da yayyafi. A can ƙunar sanyi babbar abokiyar gaba ce. A damanar 2014 ta yi ɓarna mai yawa a gonakin dankali na Bokkos da kewaye.

A ƙasa mai ɗumi irin ta Bengu, ƙunar zobe da ƴan'uwanta masu sa ɗigo a ganye su ne abin tsoro. Lokacinsu shi ne marka, watau Agusta zuwa Satumba, da kuma ƙarshen damana sa'ad da raɓa ke sauka da yawa a cikin kwari. Abin da ya kamata a ƙirga a nan shi ne awoyin da ganye ya yi a jiƙe.

9. Lissafin maki

A shekarun 1980 wani masani mai suna Pitblado, a jahar Ontariyo ta ƙasar Kanada, ya tsara wata hanya domin manoman tumatir. Ana kiran ta TOMCAST. Kowace rana ana duba abu biyu: awa nawa ganye ya yi a jiƙe, kuma zafi nawa ne a cikin awoyin nan. Sai a ba ranar maki, daga 0 zuwa 4.

In zafin yana tsakanin digiri 21 da 25, kamar yadda yakan kasance a dararen damana, ga yadda makin yake:

Awa 0 zuwa 2: maki 0
Awa 3 zuwa 5: maki 1
Awa 6 zuwa 12: maki 2
Awa 13 zuwa 20: maki 3
Awa 21 ko fiye: maki 4

Ana tara makin kowace rana a kan na jiya. In jimla ta kai 15 zuwa 20, lokacin kare shuka ya yi. In an fesa magani, sai a share a sake farawa daga 0.

Ga misali. Raɓa ta sauka da ƙarfe 10 na dare. Ganye bai bushe ba sai ƙarfe 8 na safe. Awa 10 ke nan, watau maki 2. In an yi dare 8 a jere haka, jimla ta zama 16. In kuwa an wuni ana yayyafi, rana ɗaya tana iya kawo maki 3 ko 4. Da ɗari kuma ana iya yin wata guda maki bai taru ba. Mai fesa magani kowane mako a irin wannan lokaci yana zubar da kuɗinsa ne a ƙasa.

Akwai wani abin mamaki. Mutum yana iya ƙirƙiro wa garkarsa damana a tsakiyar rani. In ya zuba ruwa a bisa ganye da magariba, ganyen zai kwana a jiƙe. Ya ba cuta maki da hannunsa. In ya zuba a gindi da safe, ganye ya wuni a bushe.

10. Masu auna yanayi a Nijar

Nijar tana da hukumar yanayi ta ƙasa, wadda ke da tashoshi a manyan garuruwa. Akwai ɗaya a Gaya. Ma'aikatanta suna auna zafi da laima da iska da ruwan sama kowace rana. Da damana ana fitar da rahoto kowane kwana 10, mai bayanin ruwan da aka samu, da halin da shuka take ciki, da ƙwarin da suka bayyana.

Bayan babban farin da ya sami ƙasashen Sahel, an kafa ƙungiyar CILSS a 1973. A 1974 aka buɗe cibiyar AGRHYMET a Yamai. Aikinta shi ne haɗa ilimin noma da na ruwa da na yanayi. Kowace shekara, kafin damana, masana sukan taru su faɗi yadda suke hangen ruwan bana. A 1975 aka kafa INRAN, hukumar binciken noma ta ƙasa, wadda take da gonar gwaji a Bengu. Akwai kuma malaman gona da ma'aikatan kare shuke-shuke, waɗanda aikinsu ne su gane cuta su faɗi maganinta.

Labarin yanayi yana isa ƙauye ta rediyo da salula. In an ji za a yi kwana biyu ko uku ana ruwa da gajimare, mai tumatir ya san maki zai taru da sauri. Amma tashar Gaya ba ta ganin raɓar da ta kwana a fadamar Bengu. Wannan sai wanda yake wurin.

11. In gargaɗi ya zo

Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani. Yawancin rigakafin nan ba ya cin ko dala.

Tun wajen shuka, a ba da tazara tsakanin gindi da gindi don iska ta ratsa. A kafa wa tumatir sanda a ɗaure shi, kada ya kwanta a ƙasa. A rufe ƙasa da busasshiyar ciyawa, don kada ruwa ya fantsamo laka a ganye. A sa taki isasshe. Kada a maimaita tumatir ko danginsa a fangali ɗaya sai bayan shekara 2 ko 3. A tsakani a sa albasa ko masara ko wake. Mai shuka dankalin Turawa ya duba irinsa, ya yar da duk mai tabo ko taushi.

In maki ya fara taruwa, a duba garka kowace safiya. A fara da ganyen ƙasa, a juya bayansa. A cire duk mai tabo, a fitar da shi daga garka, a ƙone ko a binne da zurfi. Kada a jefa shi cikin ramin taki. Kada a shiga tsakanin shuka tana jiƙe, domin hannu da riga suna ɗaukar ƙwaya. A bari rana ta busar da ita tukuna.

In abin ya kai ga magani, a nemi shawarar malamin gona. A sayi wanda hukuma ta yarda da shi, mai takarda a jikinsa. A fesa kafin ruwa da isasshen lokacin da zai bushe. A kiyaye kwanakin da aka rubuta tsakanin fesawa da tsinka. Fesa magani aikin manya ne, masu rufe hanci da hannu da ƙafa. Yara ba su taɓa shi. Kada a wanke kayan fesa a bakin rijiya ko tafki. A cikin dallol ruwa yana kusa, abin da aka zuba a ƙasa yana iya kaiwa ga ruwan sha.

Ba kowane lalataccen ganye ne ƙunar ganye ba. Akwai tsutsar da ke shiga tsakanin fatun ganye ta ci, ta bar farin wuri kamar taga. Ita ce ta yi wa manoman tumatir na Kano da Kaduna ɓarna a 2016. Akwai jan gizo-gizo, ɗan mitsitsi, mai son zafi da fari. Akwai cutar da ke nannaɗe ganye, wadda wani ɗan farin ƙuda yake yaɗawa. Maganin fumfuna ba ya yi wa waɗannan kome. Shi ya sa ake gane cuta kafin a sayi magani.

Aiki a garkar makaranta

A ware littafi ɗaya, a ja masa layi biyar: kwanan wata, ruwan sama, awoyin jiƙa, makin rana, jimla. A raba ƴan aji ƙungiya-ƙungiya, kowace ta riƙe littafin mako ɗaya. Wanda gidansu ke kusa ya taɓa ganye da ƴar takarda bayan lisha, da asuba, da ƙarfe 8, da ƙarfe 10. In takarda ta jiƙe, ganye a jiƙe yake. Daga nan a kimanta awoyin. In jimla ta kai 15, a ɗaura jan ƙyalle a ƙofar garka, kowane ɗalibi kuma ya faɗa wa iyayensa. A rubuta ranar da aka fara ganin tabo. A ƙarshen damana a kai wa malamin gona littafin ya duba.

Tambayoyi

1. Waɗanne ne duwatsu uku da cutar shuka take zama a kansu?
2. Ta yaya ake bambanta ƙunar sanyi da ƙunar zobe?
3. Don me ƙunar sanyi ta fi ɓarna a Jos bisa ga Bengu?
4. Me ya sauya tsakanin ƙa'idar Smith da ta Hutton?
5. Ganye ya jiƙe daga ƙarfe 7 na yamma zuwa ƙarfe 9 na safe, zafi digiri 23. Awa nawa ke nan? Maki nawa ne? Kwana nawa irin wannan za a yi kafin jimla ta kai 15?
6. Don me ya fi kyau a yi ban ruwa a gindi da safe?